Gola Na Biyu: Emmanuel Babayaro da Sana'ar Tsaron Raga

Shugaban taro, iyayenmu da suka bar harkokinsu suka zo, malamai masu horar da yara daga Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Narayi, Television da Sabon Tasha, da ku 'yan wasa da kuka cika bayan zauren nan, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan ƙwallon ƙafa a Kaduna. Na roƙi a bar ni in tsaya a kan mutum ɗaya cikin goma sha ɗaya, wato mai tsaron gida, wanda a filayenmu muke kira gola. A cikin gololin ma, wanda ya fi damuna shi ne na biyu, mai zaman benci.

Ranar 3 ga Agustan 1996 Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2, ta ɗauki lambar zinare ta ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba kafin nan. 'Yan wasa 18 ne a tawagar da Jo Bonfrere ya jagoranta, biyar daga cikinsu haifaffun Kaduna ne. In na ce ku lissafa su, na san za ku fara da Daniel Amokachi, sai Tijjani Babangida, sai Garba Lawal, sai Celestine Babayaro. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun da aka ci a wasan ƙarshen nan 'yan Kaduna ne suka ci su: Celestine ya farke ta farko da ka, Amokachi ya farke ta biyu, kafin Emmanuel Amunike ya rufe taro a minti na ƙarshe. To wa ye na biyar? A nan mutane da yawa kan yi shiru. Sunansa Emmanuel Babayaro, yayan Celestine, kuma gola ne.

An haife shi a garin nan ranar 26 ga Disambar 1976. Yana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da Fanny Amun ya kai Japan a 1993, wadda ta lallasa Kanada 8 da nema, ta ci Ajantina 4 da nema, ta kuma doke Ghana 2 da 1 a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin duniya. Tare suke da ƙanensa, da Nwankwo Kanu, da Wilson Oruma, da Ibrahim Babangida, wani ɗan Kadunan da muka rasa a hatsarin mota a 2024, Allah ya jiƙansa. Emmanuel ya yi wa Plateau United ta Jos wasa, daga nan aka kira shi Atlanta. Kafin ya cika shekara 20 yana riƙe da lambar kofin duniya ta matasa da zinaren Olamfik. 'Yan wasa nawa ne a duk faɗin duniya za su iya nuna waɗannan biyun?

Amma a Atlanta Dosu Joseph ne ya tsare raga, tun daga wasan farko da Hungary har zuwa na ƙarshe. Emmanuel yana benci. Bayan gasar ƙanensa, wanda ya riga ya kama wasa a Anderlecht ta Beljiyam, ya koma Chelsea a 1997, ya shafe shekaru a can kafin ya wuce Newcastle, duniya ta san shi. Shi kuwa yayan bai zama golan farko na Super Eagles ba. Gida ɗaya suka fito, gari ɗaya, tawaga ɗaya har sau biyu. Akan ce rabo ne, kuma ba na musun rabo. Sai dai akwai wani abu a cikin tsarin wasan kansa da ya kamata iyaye da yara su gane. Ɗan baya in bai samu gefen hagu ba yana iya samun tsakiya. Ɗan gaba in bai fara wasa ba, ana iya sako shi saura minti ashirin ya ci ƙwallo, gobe sunansa ya cika gari. Gola gurbinsa ɗaya ne tak, kuma koci ba ya canja shi don a ɗanɗana wani. Muddin na farko yana da lafiya kuma yana kamawa, na biyu yana iya shekara bai taɓa ƙwallo a gaban 'yan kallo ba, ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba.

Na sha jin masu cewa lambar irin su Emmanuel kyauta ce, wai bai yi mata gumi ba. Wannan magana tana min ciwo, domin ta fito ne daga wanda bai taɓa tsayawa ya kalli atisaye ba. Ku kociyoyi kun sani. Idan an tashi horo aka ce 'yan gaba su tsaya su gyara ƙafa, wa ake ajiyewa a raga? Ba a son a gajiyar da golan farko ana gobe wasa, don haka na biyu ne ke shan ruwan ƙwallaye har duhu ya shiga. Shi ne ke ɗumama na farko kafin a take wasa, yana buga masa sama da ƙasa, yana jefo masa daga kwana. In ana shirin bugun fenariti, a kansa ake gwaji. Sannan ya koma benci ya zauna minti casa'in da safar hannu a kusa, idonsa a kan kowane motsi, saboda ɗan yatsa ɗaya ya goce ko alƙali ya ɗaga jan kati, cikin minti ɗaya ƙasa gaba ɗaya ta koma wuyansa, jikinsa a sanyaye. Kuma duk wannan yana yi wa mutumin da ya tare masa hanya ne. Yana son gurbin, amma aikinsa shi ne ya taimaki mai gurbin ya ƙara ƙwarewa. Ban san wani matsayi a wasanni da ke neman tsarkin zuciya kamar wannan ba.

Wani zai ce, to zaman jiran me ake yi? Amsar ta faru a nan Kaduna, a filin wasa na Ahmadu Bello, da kun haye gada. A watan Afrilun 1999 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, aka kawo wasan kwata fainal tsakanin Sifaniya da Ghana garin nan. Golan Sifaniya na farko a gasar Daniel Aranzubia ne. A wannan wasa sai koci ya sa yaro ɗan shekara 17, ƙarami a cikin tawagar. Aka tashi 1 da 1, aka je fenariti, aka yi ta bugawa har aka kai 8 da 7, yaron nan ya tare bugun ƙarshe na Ghana. Sunansa Iker Casillas. Na tabbata a zauren nan akwai waɗanda suke filin a ranar. Sifaniya ta sake dawowa filin ta doke Mali, ta je Legas ta ci Japan 4 da nema, kuma a wasan ƙarshen Aranzubia ne ya koma raga, Casillas ya koma benci.

Labarin bai tsaya nan ba. A 2000 Casillas ya ɗauki kofin zakarun Turai da Real Madrid yana ɗan shekara 19. A 2002 ya rasa gurbinsa, aka je wasan ƙarshe da Bayer Leverkusen a Glasgow yana zaune. Golan da ya fara wasan, César Sánchez, ya ji rauni bayan an dawo hutun rabin lokaci, aka ce Casillas ya tashi. A mintunan ƙarshe ya tare ƙwallaye a jere da suka hana Jamusawa farkewa, Madrid ta tsira da 2 da 1. A wannan shekarar dai, ana dab da tafiya gasar kofin duniya, kwalbar turare ta fashe ta yanke wa golan Sifaniya na farko, Santiago Cañizares, jijiyar ƙafa, ragar Sifaniya ta faɗo hannun Casillas, bai sake ta ba har ya ɗaga kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2010 a matsayin kyaftin. Sau uku ƙofa tana buɗe masa ba zato, sau uku ana tarar da shi a shirye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Emmanuel Babayaro ya yi irin wannan shirin a Atlanta, ƙofarsa ce ba ta buɗe ba, kuma wannan bai rage komai daga aikin da ya yi ba.

Akwai ɗaya fuskar, wadda ba ma son faɗa wa yara. Dosu Joseph, wanda ya tare wa Emmanuel hanya, ya dawo daga Atlanta tauraronsa na haskawa. Daga Julius Berger ya samu kwantiragi da Reggiana ta Italiya. A 1997 ya yi hatsarin mota a Legas, ya samu rauni a ƙashin baya, wasa ya ƙare masa yana ɗan shekara 23. Shekarun da gola ke fara nuna kansa ke nan.

Irin wannan ta faru a Romaniya, ga wani gola da nake so kowane yaro a nan ya san sunansa, Helmuth Duckadam. Ranar 7 ga Mayun 1986 ƙungiyarsa Steaua ta birnin Bukares ta haɗu da Barcelona a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. A Seville aka yi wasan, wato a ƙasar Barcelona, filin cike da magoya bayanta. Aka yi minti 120 babu ci. Da aka zo fenariti 'yan Barcelona huɗu suka buga, Duckadam ya tare duka huɗun, Steaua ta ci 2 da nema, ta zama ƙungiyar farko daga gabashin Turai da ta ɗauki kofin. Ku lura da yadda ya yi. Bugun farko ya faɗi dama ya tare. Mai bugu na biyu zai yi tsammanin gola zai sauya gefe, sai ya sake faɗawa dama. Na uku zai ce ai ba zai yi dama sau uku ba, ya sake yin dama. Sai a na huɗu ya juya hagu. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, mai bugu yana tazarar mita 11 kacal, babu jikin da zai iya rufe wannan fili da tsalle kawai. Da tunani ya tare su, yana karanta abin da ke zuciyar mai bugun. Makonni kaɗan bayan wannan dare jini ya daskare masa a jijiyar hannu, aka yi masa tiyata don a ceci hannun. Yana da shekara 27, kuma bai sake tsayawa a babban fagen da ya bari ba. Ya rasu a Disambar 2024.

Yanzu bari mu dawo gida, wannan ƙetaren kogin. Yankin nan ya san ƙwallo tun zamanin masaƙu. An kafa masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL Rashidi Yekini ya fara wasa a farkon shekarun 1980, kafin ya tafi Shooting Stars ta Ibadan. Kowa yana tuna shi a 1994, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya a ragar Bulgeriya, ya shiga cikin ragar ya riƙe ta yana girgizawa. An tashi wasan 3 da nema. Wannan "nema" ɗin aikin gola Peter Rufai ne da 'yan bayansa, a gaban Hristo Stoichkov, amma ba kasafai ake tuna hakan ba. Amfanin ƙungiyoyin kamfanoni shi ne suna iya riƙe gola biyu ko uku, kowa da abin sawa a bakin salati, ko ya buga ko bai buga ba. Da masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, wannan inuwar ta tafi. Ƙungiyar unguwa da ke tara kuɗin mota da karo-karo ba ta iya ɗaukar nauyin mai jira. Ɗan gaba yana iya gyara kansa shi kaɗai da ƙwallo da bango, gola kuwa sai da mai buga masa da mai gyara masa tsayuwa, shi ya sa rashin ya fi dukansa.

Ku dubi yadda muke zaɓen gola tun daga tushe. Yara sun taru a filin firamare da la'asar, an raba gida biyu, an ajiye duwatsu ko silifa a matsayin turaku. Wa zai shiga raga? Wanda ya fi ƙanƙanta, ko mai jiki da ba ya iya gudu, ko wanda ya zo a makare. Wani lokaci ma karɓa-karɓa ake yi, duk wanda aka ci ya fita wani ya shiga. Yaro ya tashi da fahimtar cewa raga wurin hukunci ne ga wanda bai iya ba. In Allah ya sa aka samu mai sonta da kansa, sai ƙasa ta karɓe shi. Filayenmu jar ƙasa ce mai tsakuwa, da rani ta bushe ta yi tauri. Manyan filayen garin nan biyu, na Ahmadu Bello da na Ranchers Bees, duk suna ƙetaren gada. Ku kama duk wani golan unguwa ku dubi kwankwasonsa da gwiwar hannunsa, za ku ga tabo a kan tabo, wani bai warke ba wani ya hau. Safar hannunsa ta gwanjo ce daga kasuwar Monday, tafin ya riga ya siɗe, yakan tofa mata yawu ko ya yayyafa ruwan leda don ta ɗan kama. Yaron da ya faɗi sau biyu a kan tsakuwa ya ji jiki, jikinsa da kansa zai koya masa ya daina faɗuwa, ya koma miƙa ƙafa. Daga nan an yi asarar gola, ko da yana da ido da zuciya.

Alhali faɗuwa abu ne da ake koyarwa. Ana fara wa yaro daga zaune, sannan a durƙushe, sannan a tsugune, kafin ya miƙe tsaye. Ya sauka a kan gefen cinya da haƙarƙari da kafaɗa, ba a kan gwiwar hannu ko ciki ba. Hannu ɗaya a bayan ƙwallo, ɗaya a samanta, ƙasa ta zama hannu na uku. In ƙwallo ta zo sama, manyan yatsu biyu su kusa haɗuwa a bayanta, don in ta kuɓuce ta faɗi gabansa maimakon ta wuce. Kafin mai bugu ya saki ƙafa, gola ya riga ya tsaya cak a kan 'yan yatsun ƙafarsa, nauyinsa a gaba. Rabin ƙwallayen da ake ci a gasanninmu na unguwa, a ganina, ba gwanintar mai bugu ba ce, gola ne aka kama yana cikin tafiya. Duk abin da na lissafa bai buƙatar ciyawa. Yana buƙatar tifa ɗaya ta yashi a bayan fili, ga kogi nan kusa da mu, da mutum ɗaya da zai ware rabin awa ya tsaya da yara biyu ko uku.

Sannan aikin ya canja. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Daga 2025 kuma, in ya riƙe ta a hannu fiye da daƙiƙa takwas, kwana za a ba abokan hamayya. Golan yau sai ya iya karɓa da bayarwa da ƙafafu biyu, yana kallon fili, yana magana da 'yan bayansa. Don haka tsohuwar al'adar tura wanda bai iya taka leda ba zuwa raga ta zama hanyar faɗuwa. Kociyoyi, ku riƙa sa gololinku cikin wasan 'yan tsakiya a atisaye, su saba da matsi.

Ina da magana da 'yan kallo kuma, har da mu iyaye. Ɗan gaba ya zubar da ƙwallo biyar ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola ya tare goma ɗaya ta zame masa, sai ka ji an ɗauka daga bakin fili: rariya, kwando. Wadda ta fi muni ita ce "ya sayar da wasa". Na ga yaron da bai wuce shekara 15 ba, a wani wasan unguwa a yankin nan, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, manya masu gemu suka bi shi da wannan kalma har bakin titi. Ya cire safar hannun yana tafiya yana share ido da ita. Zargin cin amana ne fa, a kan yaron da ko kuɗin ruwa ba a ba shi ba. In mun san akwai mai sayar da wasa, a kawo hujja a hukunta shi. In babu, mu kama bakinmu. Mu tuna cewa kofin ƙalubale da Kaduna United ta kawo garin nan a 2010, da bugun fenariti ta karɓe shi a hannun Enyimba. Kuma a Fabrairun 2024 fenariti biyu da Stanley Nwabali ya tare wa Afirka ta Kudu ne suka kai Najeriya wasan ƙarshe na kofin Afirka, mutumin da watanni kaɗan kafin nan akasarinmu ba mu san sunansa ba.

Gola ba ya nuna da wuri. Dino Zoff ya ɗaga kofin duniya da Italiya a 1982 yana da shekara 40. Essam El-Hadary na Masar ya buga gasar kofin duniya a 2018 yana da 45, har ya tare fenariti a wasansu da Saudiyya. Mu kuwa yaro in ya kai 19 bai samu ƙungiya ba sai mu ce ya tsufa, shi ya sa wasu ke faɗawa rage shekaru, wasu su bi dillalan da ke karɓar kuɗin iyaye da alkawarin Turai. Tunda hanyar gola doguwa ce, kuma tana iya yankewa rana ɗaya kamar ta Dosu da Duckadam, to kada a cire shi daga makaranta ko wurin koyon sana'a saboda ƙwallo. Atisayen safe da na yamma bai hana zuwa aji ko gareji. Ranar da aka kawo takardar kwantiragi kuma, iyaye ku nemi wanda ya san doka ya karanta muku, ku tambayi abu ɗaya kafin kuɗin sa hannu: in ya ji rauni, wa zai biya asibiti, kuma albashinsa zai ci gaba har zuwa yaushe?

Ga masu shirya gasannin unguwanni ina da roƙo biyu, kuma ba su da tsada. A gasar yara 'yan ƙasa da shekara 15, a sa doka cewa kowace ƙungiya ta zo da gola biyu, kuma na biyun ya buga aƙalla wasa ɗaya a zagayen rukuni. Sannan ranar rufe gasa, yadda ake ba wanda ya fi cin ƙwallo kyauta, a ba golan da ya fi kamawa, kuma kyautar ta zama safar hannu sabuwa daidai hannunsa. Tsofaffin gololin da suka yi wa ƙungiyoyin garin nan wasa suna nan da ransu a unguwanninmu, wasu ma ina hango su a zaune. A ware musu safiyar Asabar, a haɗa musu gololin ƙungiyoyi huɗu ko biyar a fili ɗaya, a riƙa ba su kuɗin mota. Kociyoyin da suke da yaran da za su turo, su ba shugaban taro sunayensu kafin a watse.